Cajin dare ne ke kashe batir, ko zafin Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wani saƙo da ke ta yawo, na san da yawanku an turo muku. Wai duk mai barin wayarsa a kan caji ya kwanta barci shi ke kashe batirinsa da hannunsa, wai kuma kada a bari caji ya wuce kashi 80 cikin ɗari ko ya sauka ƙasa da 20. Masu ilimin abin, gaskiya ne, ko irin saƙonnin nan ne na "tura wa mutum goma"?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Wanda ya rubuta wannan ba a garin nan yake zaune ba. Mu da sai tsakar dare ake kawo wuta, kafin asuba an ɗauke, in ban yi cajin dare ba na yaushe zan yi? Ni kuma wayar nan ita ce shagona. A cikinta nake tallar atamfa da leshi, a cikinta ake turo mini kuɗi. In ta mutu da azahar, cinikin ranar ya mutu.

Oga Mai Gyara:
Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Ni ban yi boko mai nisa ba, abin da ni ka gani bisa teburina shi za ni hwaɗi. Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, sai a yi ta kawo muna wayoyi bayansu ya ɗaga, sikirin ya ɓalle ta gefe, batir ya kumbura. Da hunturu ba ka cika ganin haka ba, aikin hunturu daban na, bakin caji da sifika. To in cajin dare ka kumbura batir, mi yas sa ba shi kumbura shi cikin Janairu? Ko mutane ba su kwana da Janairu?

Ɗan Mabera:
Kai Oga, wannan tambaya taka ta fi amsa daɗi.

Injiniya:
Oga ya kama bakin zaren. Bari in ƙara bayani kaɗan. Batirin da ke cikin wayoyinmu, da laftof, da agogon zamani, duk iri ɗaya ne, na litiyam. Waya ba ta ci gaba da ɗura wa batir wuta bayan ya cika; akwai abin da ke yanke cajin a cikinta. Saboda haka zancen wai caji zai "yi yawa" har ya fashe don an kwana, ba haka ba ne in waya da caja lafiyayyu ne. Abin da ke tsufar da wannan batir da wuri abu biyu ne: zafi, da daɗewa a cike maƙil. In suka haɗu kuma ɓarnar ta fi yawa. Kamar jaki ne da aka ɗora wa kaya aka bar shi tsaye. In a inuwa ne zai jure, in a rana ne ba zai kai ko'ina ba.

Kamfanin Apple ya rubuta cewa an ƙera iPhone ne don a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma zafin da ya wuce 35 na iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa. Yanzu ku duba garinmu. A Afrilu rana tana wuce digiri 40 ba tare da an yi mamaki ba. Ke nan kafin ka kunna wayar ma, iskar da take ciki ta riga ta haura iyakar da masu ita suka sa mata. Sai ka ƙara da caji, wanda shi ma zafi yake haifarwa, ka ƙara da kallon bidiyo, ka ƙara da rigar roba mai kauri. Cikin mota da aka rufe a rana kuwa zafi kan wuce 60.

Oga Mai Gyara:
Yawwa Injiniya. Kuma wanda ak kawo mani da batir kumburarre, in na tambaye shi ina ya ka aje waya in tana caji, amsa guda ta: bisa katihwa, ko ƙarƙashin matashi don kada yara su ɗauka. Sai masu kabu-kabu da masu keke da ka ɗaure ta gaban abin hawa rana na dukanta wuni guda. Dare bai yi laihin komi ba, katihwa ta da laihi.

Alhaji Baba:
Yaran nan kuna ta rikita mu. Lokacin da waya ta shigo ƙasar nan, wajen 2001, duk wanda ya sayi sabuwa cewa ake kada ya taɓa ta sai ta kwana a kan caji. Kuma aka ce a riƙa barin batir ya ƙare ƙarƙaf kafin a sake sa shi. Ni har yau haka nake yi, sai ta mutu da kanta nake ba jikana ya sa mini. Yanzu kuma ku ce ba haka ba?

Injiniya:
Ranka ya daɗe Baba, abin da aka gaya muku daidai ne a zamaninsa. Wayoyi irin su Nokia 3310 ta farko batirin nikel gare su, shi ne ake yi wa wannan tarbiyya. Na yanzu ba ya so. Sauke shi har sifili kullum yana gajiyar da shi. In ka ga ta kai wajen 20 kuma akwai wuta, a sa mata, ko da ba za ta cika ba. Cajin gutsi-gutsi ba ya cutar da shi.

Alhaji Baba:
To madalla. Allah ya yi albarka. Amma dai waccan Nokia sai ta yi kwanaki ba ta nemi wuta ba, ku taku ko wuni ba ta kaiwa.

Ɗalibar Dundaye:
Baba ai waccan kira da saƙo kawai take yi sai wasan maciji. Ta yanzu ita ce banki, ita ce talabijin, ita ce laburare.

Maman Ilham:
Injiniya ban gane matsayarka ba. Da farko ka ce waya tana yanke caji da kanta, daga baya ka ce daɗewa a cike yana cutarwa. In cire a 80 ko in bari?

Injiniya:
Hajiya, duka biyun gaskiya ne, sai dai girmansu ba ɗaya ba ne. Tsayawa a 80 yana ƙara wa batir kwana, shi ya sa kamfanonin da kansu suka sa abin a saituna. A iPhone tun 2019 akwai tsarin da ke tsayar da caji a 80 cikin dare ya ƙarasa dab da lokacin tashinka, daga iPhone 15 kuma kana iya hana ta wuce 80 gaba ɗaya. Samsung ma suna da shi a sashen batir, tsofaffi a 85, sababbi a 80. Wanda ke da sola a gida ko wuta tsayayya a ofis, ya kunna abinsa, riba ce. Amma ke da ba ki san yaushe wuta za ta dawo ba, cika ta ɗari bisa ɗari. Kawai ki cire mata riga, ki ɗora ta a kan tayil ko siminti ko tebur, inda iska ke ratsawa, kada kuma ki yi ta dannawa tana caji.

Oga Mai Gyara:
Ni hwa wagga magana ta 80 ban ɗauke ta da nauyi ba ko kaɗan. Mutum shi sayi waya da kuɗinai, sannan shi hana kanai kashi ɗaya cikin biyat na batir tun ranar farko don tsoron kada batir shi rage bayan shekara biyu? Ai ya riga ya rage ma kanai. Batir abin canzawa na, kamar yadda aka canza kowane abin da ka ƙarewa.

Injiniya:
Oga kai da kake sayar da batir dole ka faɗi haka.

Oga Mai Gyara:
Hahaha, Allah shi shirye ka Injiniya. To hwaɗa musu gaskiya, akwai batirin da ba shi mutuwa?

Injiniya:
Babu. Apple sun ce na iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na 15 kuma bayan 1000. Mai cinye batir guda a kullum, 500 ɗin nan bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Inda na saɓa da kai shi ne, batirin da ake canzawa a kasuwa ba koyaushe yake kai na asali ba, kai ma ka sani. Kuma wayoyin yanzu a manne suke da gam, duk buɗewa sai ta rage musu kariya daga ruwa da ƙura. Don haka jinkirta ranar canjin ba asara ba ce.

Oga Mai Gyara:
Wanga kam na yarda. Akwai batir mai daraja ta ɗaya, akwai ta biyu, akwai wanda sunan kawai anka buga. Mai waya shi ka zaɓen na araha da bakinai, in ya mutu bayan wata ukku shi ce mai gyara macuci na.

Malamin Islamiyya:
Tunda an zo nan, ni ina da ƙorafi a kan masu cajin kuɗi. A unguwarmu kusan kowa can yake kai waya, kuma mutane da yawa suna cewa tun da suka fara kaiwa batirinsu ya lalace. Injin janareto ba ya ɓata waya?

Mai Caji Gawon Nama:
Malam da girmanka kada ka ɓata muna sana'a. Kullum mu ake ɗora wa laifi. Mutum zai kawo waya batirinta ya riga ya gama aiki, caja ɗin gidansa ta ɗari biyu ce, in ta mutu sai a ce mai caji. Mu da muke rufa wa unguwa asiri ranar da babu wuta, da kuɗin mai yadda yake yanzu.

Injiniya:
Malam, ku duba jikin kowace caja ta kirki, za ku ga an rubuta 100 zuwa 240V. Wutar ƙasar nan 230 ce. Ma'ana caja mai kyau tana iya jure hawa da saukar wuta daidai gwargwado, ta janareto ce ko ta gwamnati, ta mayar da ita 'yar ƙaramar wutar da waya ke sha. Don haka ba injin ne babban abin tsoro ba. Abin dubawa a wurin mai caji shi ne irin cajojin da yake amfani da su, da yadda yake jera wayoyin. In rumfar kwano ce, da rana tsaka, wayoyi hamsin an jibge su kan juna cikin akwati kowace tana fitar da zafinta, to mun koma maganar farko.

Mai Caji Gawon Nama:
To wannan dai akwai ƙamshin gaskiya. Amma akwatin don ɓarayi muke rufewa. In na baza su a fili aka ɗauke ta wani, kai za ka biya?

Injiniya:
A'a, ba ni zan biya ba. Amma akwati mai raga a gefe da 'yar fanka ɗaya ba za su karya ka ba, tunda injin yana aiki dama. Kuma a jera su gefe da gefe, kada a ɗora wata kan wata.

Maman Ilham:
Ni in zan kai, da cajata nake haɗawa, na ɗaura mata zare ja don kada a musanya.

Oga Mai Gyara:
Hajiya ke kin gane. Caja ita ta inda mutanenmu ka yin ganganci. Mutum shi sayi waya ta dubu ɗari da wani abu, caja ta ɓace, shi tsaya bakin titi shi sayi wadda ta fi kowace araha. Ɗauki ta asali da jabu ka auna a hannu, jabu ba ta da nauyi, don an ɗebe kayan da ka tace wuta da masu kariya. Alamarta, in ka sa caji sai sikirin shi riƙa danna kanai, ko kan caja shi yi zahi har ba ka iya riƙewa, ko ka ji tana ɗan ja in ka taɓa ƙarhen waya. Wagga ita ka ƙone aisin caji, ɗan ƙaramin sashen da ka sarrafa caji cikin waya, kuma gyaran aisi ya fi kuɗin caja goma. Araha ba ta ado. Masu Tecno da Infinix da itel, kamfani guda ka yin su, Transsion, kuma suna da wurin gyara nasu mai suna Carlcare, a nemi kayansu na asali. Igiya ma haka, in ta fara tsagewa a wuya a yar, a bar naɗe ta da salatif.

Ɗan Mabera:
Wani abu kuma, lokacin da aka dawo da wuta fa? Mu a gidanmu da an ji yara sun yi ihu kowa sai ya ruga soket.

Injiniya:
Wannan lokacin ne ya fi haɗari, don wuta kan dawo da ƙarfi ko ta yi ta kai da komo. A ɗan jira mintoci ta daidaita. In an ɗauke kuma a zare caja daga bango, kada ta kwana a ciki tana jiran dawowa. Haka in hadari ya taso da tsawa a damina. Mai laftof ya nemi abin jona wuta mai kariya daga hawan wuta, ba kowane dogon soket ne ke da ita ba.

Ɗan Kwannawa:
Ni in tawa ta yi zafi firji nake jefa ta minti biyar ta dawo garau. In babu wuta in ɗora ta gefen randa.

Oga Mai Gyara:
Subhanallahi. Gefen randa dai da sauƙi in ba ta jiƙa ba. Firji kam bari. Ɗauko gorar ruwa mai sanyi ka aje waje ka ga yadda ta ka yin zuhwa. Haka cikin wayarka ka yi, kuma can ciki ba mai share shi. Raɓar nan ita ka cin fanel, allon da kayan cikin waya ke bisa nai, sannu sannu. In ta yi zahi, cire caji, cire riga, kashe data, aje ta inuwa gaban hwanka.

Ɗalibar Dundaye:
Don Allah a taɓo laftof. Tawa tun hunturun da ya wuce fankarta ke ƙara, ƙasanta ya yi zafi, wani lokaci ina tsakiyar rubuta furojet ta kashe kanta. Wata ƙawata ta ce bairos ne.

Oga Mai Gyara:
Ba bairos ba na ƙanwata, ƙura ta. Laftof iska ta ka ja ta ƙasa ta hurar ta gefe ko ta baya. Ƙurar hunturu mai laushin nan tana bin iskar ta taru bakin ƙarhen da ka sanyaya inji har ta toshe shi. In zahi ya kai wani mataki sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ina ki ka ɗora ta in kina aiki?

Ɗalibar Dundaye:
A hostel ai gado ne teburinmu.

Oga Mai Gyara:
To kin ji. Ko faranti ko katako ko babban littahi mai kwali ki sa ƙarƙashi, ki ɗan ɗaga bayanta. Kuma a garin ga laftof na son a buɗe ta a share sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kahin bazara ta shigo. In ta kwana biyu a duniya a canza mata man da aka shafawa bisa furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof, don shina bushewa. Kada ki kai ma mai faci shi hura mata iskar taya. Na ga waɗanda sunka yi haka, iskar ta yi ƙarhi, tana karya hwanka, wani lokaci da ruwa cikinta.

Injiniya:
Ƙari a kan na Oga: in kullum a jone kike aiki, Lenovo da Asus da Dell da wasunsu suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika, ki duba. Sannan duk mai Windows 10 ya sani Microsoft ta daina ba ta sabuntawar tsaro ta kyauta ga kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Mai sayen laftof na hannu, a tambaya ko na'urar za ta ɗauki Windows 11 kafin a biya.

Malamin Islamiyya:
Maganar ƙura ta tuna mini. Wayata sai na karkata igiyar caja na danne ta da littafi take shiga. An ce sai an canza bakin cajin.

Oga Mai Gyara:
Malam kahin a canza a diba ciki da tocila. Mafi yawan waɗanda aka kawowa da wagga matsala, ƙura ta da zaren aljihu sunka dunƙule can ƙurya, kan igiya ba shi kaiwa ƙarshe. Kashe wayar, ka samu tsinken sakace na itace ka fiƙe shi siriri, ka yi ta fito da dattin a hankali ba tare da ka taɓa harshen da ke tsakiya ba. Ban da allura, ban da reza. Sifika kuma tsohon buroshin haƙori busasshe. In bai yi ba sannan a kawo.

Ɗan Mabera:
Yau Oga yana koya wa mutane yadda za su hana shi ciniki.

Oga Mai Gyara:
Arzikina na wurin Allah. Masu karya sikirin kaɗai sun ishe ni.

Injiniya:
Sikirin ma akwai abin lura. Yashi ya fi gilashin waya tauri. A ma'aunin taurin duwatsu yashi yana mataki na 7, gilashin kuwa daga 6 yake fara karcewa. Shi ya sa makulli bai cika yi masa komai ba amma ƙwayar yashi ɗaya a aljihu sai ta zana shi. In ƙura ta hau, a fara hurewa kafin a goge, kada a murza da bakin riga ko mayafi. Ƙyalle mai laushi irin na tabarau ya isa. A sa gilashin kariya, shi ya karce a canza.

Maman Ilham:
Saura ruwa. Yarinyata ta taɓa jefa ta babanta a bokitin wanki, muka binne ta cikin shinkafa kwana biyu, kuma ta tashi. Yanzu na ji ana cewa shinkafa ƙarya ce.

Oga Mai Gyara:
Kwana biyun da kunka bar ta a kashe su sunka taimake ta, ba shinkahwa ba. Shinkahwa ba ta jawo ruwan da ke ƙarƙashin fanel. Abin da ka kashe waya bayan ta sha ruwa shi na gaggawar kunnawa a ga ko tana yi, ko a sa ta caji. Kashe ta nan take, cire sim, girgiza ta a hankali bakin caji na kallon ƙasa, aje ta inda iska. In ruwan sabulu na ko miya ko shayi, kawo ta ranar a wanke fanel da sifirit, don ko ta bushe gishirin na nan shina ci.

Injiniya:
Apple ma sun rubuta a shafinsu na taimako cewa kada a sa iPhone cikin shinkafa, ɓarɓashinta na iya shiga ya yi ɓarna.

Malamin Islamiyya:
Agogon zamani fa? An ba ni ɗaya kyauta, an ce ba ya jin ruwa. Sau biyar a rana ina alwala, in cire ko in bari? Ta fuskar na'ura nake tambaya, ta fuskar fiƙihu na san inda zan duba.

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, a duba abin da aka rubuta a bayansa ko a kwalinsa. In IP67 ne, lambar 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 7 kuma an gwada shi a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ya ɗara haka. In 5ATM ne har iyo ana yi da shi. Ruwan alwala ba zai dame su ba in na kamfanin kirki ne. Amma kariyar roba ce da gam, tana tsufa, kuma sabulu da ruwan zafi da turare suna cin ta. Mu kuwa a wuyan hannu muke shafa turare ranar Juma'a. Masu arahar nan da ake zubawa a faranti, rubutun jikinsu ba abin dogara ba ne. Ni dai cirewa nake yi, don ko ba komai in ruwa da zufa suka kwanta ƙarƙashin madauri suna kawo ƙaiƙayi da ƙuraje a lokacin zafi. A riƙa wanke madaurin da ruwa zalla a bushe shi, a goge bayan agogon inda koren haske ke fitowa, in ya yi datti ba ya auna bugun zuciya daidai kuma caji ba ya kamawa.

Alhaji Baba:
Akwai tabilet da na saya wa jikoki, na ƙwace na kulle a durowa sai an yi hutu. Ba abin da zai same ta?

Injiniya:
Baba kada a ajiye ta babu caji, kada kuma a cike. Wajen rabi, a kashe ta gaba ɗaya, a ɗakin da ya fi sanyi. In ajiyar ta yi tsawo a riƙa dubawa ana mayar da ita rabi. In batir ya zauna a sifili wata da watanni yana iya ƙin tashi.

Ɗalibar Dundaye:
Ni abin da ya fi ba ni tsoro ba batir ba ne. Batir ana saye. Wata 'yar ajinmu laftof ɗinta ta mutu ana saura mako biyu ta miƙa furojet, ba ta da kwafi ko'ina.

Oga Mai Gyara:
Ƙanwata kin taɓo inda ka yi mani ciwo. Kullum sai an zo mani da kuka, waya ta mutu, lambobi da hotunan biki da lissahin bashi dut suna ciki. In ce mi na imel ɗinka, sai shi ce yaron shagon da ni saye ta shi yab buɗe mani. Lambar sirri hwa? Bai sani ba. Wallahi mutum goma da wuya ka samu rabinsu sun san ta su. Ko na gyara wayar, in anka yi mata filashin, wato anka goge ta anka sake sa mata manhaja, sai ta nemi wanga imel, in babu ta zama kwalliya.

Maman Ilham:
Innalillahi. Oga wannan da ni kake. Yaya zan yi?

Injiniya:
Hajiya tun wayar tana hannunki da rai, ki sa wani amintacce na gida ya taya ki shiga saitunan Google ki canza lambar sirrin zuwa wadda kika sani, ki sa lambar wayarki ta zama ta farfaɗowa in kin manta lambar sirrin, ki rubuta a takarda ki adana inda kike adana takardun gida. Google suna ba da 15GB kyauta, iCloud 5GB. Lambobin mutane a ajiye su a imel, ba a kan waya ko sim ba. WhatsApp a kunna masa ajiya, amma a cire bidiyo daga ciki, don ajiyar tana cin wancan 15GB ɗin kuma bidiyon guruf sai ya cinye shi. Ki danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki rubuta ta tare da rasit. Sim ɗin da ke haɗe da banki kuma a sa masa PIN, don ɓarawon waya yanzu sim ɗin yake fara cirewa.

Ɗan Kwannawa:
A yi hattara da PIN ɗin nan, in ka kuskure sau uku sai ya nemi PUK, wanda ke jikin katin da sim ya zo a ciki. Wanda ya yar da katinsa ya fara nemo PUK tukuna.

Alhaji Baba:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In Allah ya yarda zan tafi Umra, yara sun saya mini fawa banki babba. In sa a akwati?

Injiniya:
Allah ya karɓa Baba. A jakar hannu ake riƙe shi, ba a yarda ya shiga akwatin da za a auna ba. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Mai 20,000mAh bai kai iyakar ba. A tambayi kamfanin jirgin kafin ranar, don wasu sun ƙara tsaurara doka. Shi ma batirin litiyam ne, a Makka da Madina kada a bar shi a rana.

Ɗan Kwannawa:
Oga, tawa bayanta ya ɗan ɗaga amma tana aiki lafiya. Na ɗaure ta da robar kuɗi. Zuwa ƙarshen wata zan kawo.

Oga Mai Gyara:
Kada ka jira ƙarshen wata. Iska ta ta taru cikin batir, in ka matse shi ko wani abu ya huda shi wuta ka tashi, kuma ba irin wadda aka kashewa da kohin ruwa ba. Bar sa ta caji daga yanzu, cire robar, kada ka kwana da ita kusa da kai, kada ka sa ta aljihun baya ka hau mashin. Kawo ta gobe da sahe in cire shi, kuɗin sabo ka biya in an yi albashi. Tsohon kuma bar shi wurina, kada ka kai bola yara su tsinta ko a cinna ma shara wuta da shi ciki.

Mai Caji Gawon Nama:
Daga yau duk wanda ya kawo mini waya mai kumburi ba zan karɓa ba. Injiniya, fankar da ka ce, ta sola ko ta wuta? Kuma in na sa, naira hamsin zan ƙara a kan kowace waya, ku gaya wa Malam tun yanzu.

Malamin Islamiyya:
Sa fankar tukuna mu gani, sannan a yi maganar ƙari.